Yadda Ake Zaƙulo Tagwayen Hotuna Daga Cikin Dubbai Ba Tare da An Goge Na Asali Ba

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana ɗaukar hoton biki ya san wannan ciwon. Hoto guda na amarya ranar kamu sai ka tarar yana zaune a wuri shida: a foldar da aka juye daga katin kyamara, a wadda aka ware wa mai gyara, a wadda aka sa wa suna "sabo", a "sabo na ƙarshe", a filashar da aka ba dangin ango suka dawo da ita, sannan ga wanda ƙanwar amarya ta turo ta WhatsApp tana neman a wanke mata. Faifan ajiya ya cika, an sayi wani, shi ma ya cika. In ka duba da kyau, ba yawan aiki ne ya cika su ba, maimaici ne.

Da tarin hotunan situdiyo zan yi misali, amma hanyar ɗaya ce ga ɗan jarida, mai tallan kaya a intanet, ko wanda ke tattara hotuna don horar da na'ura. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, kalmar "kwafi" tana ɗauke da abubuwa uku da ba su da haɗi, kowanne da maganinsa. Akwai fayil ɗin da aka kwafa sak, ko ɗigo bai canza ba. Akwai hoton da ido ke ganin shi ne, amma an rage girmansa, an matse shi, ko an canza masa tsari. Sai kuma hotunan da aka ɗauka a jere cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, waɗanda suka yi kama amma ba abu ɗaya ba ne. Na farko na'ura za ta iya yanke hukunci a kansa ita kaɗai. Na biyu za ta nemo maka, kai ka duba. Na uku kuwa idonka ne alƙali. Yawancin ɓarnar da na gani daga haɗa ukun nan a tukunya ɗaya take tasowa.

Kafin ka taɓa komai

Ka yi ajiyar ko-ta-kwana. Na san abin dariya ne a ce wa mai neman rage kwafi ya fara da ƙara kwafi, amma haka za a yi. Ari faifai in ba ka da shi, ka juye komai, ka cire shi daga jikin kwamfuta ka ajiye a durowa har a gama.

Sannan ka zaɓi folda guda da za ta zama uwa, wato wadda in an sami hoto a cikinta da kuma wani wuri, na cikinta ne zai zauna. Ga mai hoto, ita ce inda ake juye katin kyamara kai tsaye. Manhajojin neman kwafi irin dupeGuru da Czkawka duk suna ba ka damar yi wa folda alamar cewa ita ce madogara, ba za su taɓa abin da ke ciki ba. Rdfind kuma, wanda da rubuta umarni ake sarrafa shi, foldar da ka fara rubuta masa ita yake ba fifiko.

Kada ka yarda da sunan fayil ko kaɗan. Kyamarori suna ƙirga daga 0001 zuwa 9999 ne, su sake komawa farko. Mai kyamarar Canon da ya daɗe a sana'a yana iya samun IMG_0412 guda biyar, ɗaya na suna, ɗaya na saukar karatu, ɗaya na dina, babu abin da ya haɗa su. Na taɓa ganin yaron shago ya haɗa foldoji biyu, kwamfuta ta tambaye shi ko ta maye gurbin masu suna ɗaya, ya danna e. Walimar mutane ta tafi ke nan.

Zagaye na farko: kwafi sak

Nan aikin ba shi da wuya, kuma sau da yawa nan ne ake samun mafi yawan sararin da ake nema. Dabarar ita ce a lissafa wa kowane fayil wata lamba daga abin da ke cikinsa, kamar zanen yatsa. Masana suna kiranta hash. Irin MD5 tana ba da harafi da lamba 32, SHA-256 kuma 64. In fayil biyu sun ba da lamba ɗaya, abu ɗaya ne, ko da an canza wa ɗayan suna. In aka taɓa ko bit guda a ciki, wato ɗaya daga cikin jerin 0 da 1 da kwamfuta ke rubuta fayil da su, lambar gaba ɗaya ta birkice.

Wani zai ce maka ai MD5 ta lalace. Gaskiya ne tun 2004 masu bincike a Sin suka nuna ana iya ƙirƙiro fayil biyu daban masu MD5 ɗaya da gangan, shi ya sa aka daina dogaro da ita a harkar tsaro. Amma babu wanda ke zaune yana ƙulla wa hotunan bikinka makirci, kuma manhaja irin fdupes ba a nan take tsayawa ba. Tana fara duba girman fayil, domin masu girma daban ba za su zama ɗaya ba. Waɗanda girmansu ya zo ɗaya sai ta lissafa lambar farkonsu, sannan ta dukkansu, daga ƙarshe ta gwada su bait da bait (bait ɗaya bit takwas ne). Wannan tsarin shi ke sa ta sauri, yawancin fayiloli tun a matakin girma suke fita daga zargi.

A Linux ko Mac, wannan umarnin zai rubuta maka jerin tagwayen a takarda ba tare da ya goge komai ba:

`fdupes -r /hotuna > tagwaye.txt`

A Windows, in hoto biyu kawai kake son gwadawa, buɗe PowerShell ka rubuta `Get-FileHash` da sunan fayil, zai ba ka SHA-256. In tarin ne gaba ɗaya, ɗauki Czkawka, kyauta ce, tana da sauri, tana da maɓallan dannawa. Sunan nan mai karya harshe kalmar mutanen Folan ce, ma'anarta shaƙuwa.

A wannan zagayen kaɗai na yarda ka bar na'ura ta zaɓa da kanta, muddin ka nuna mata uwar folda. Amma ka lura da abu ɗaya: wani lokacin maimaicin da gangan aka yi shi. Foldar da aka tsara wa albam tana ɗauke da kwafin hotunan da aka zaɓa, in ka goge su ka goge zaɓin da aka ɓata kwana biyu ana yi. Irin wannan ko dai ka cire foldar daga bincike, ko ka sa a mayar da kwafin mahaɗa mai ƙarfi, wato suna biyu masu nuni ga fayil ɗaya a faifai. Rdfind yana yin haka da `-makehardlinks true`. Sai dai faifan da aka tsara da exFAT, kamar yawancin filasha da katin kyamara, ba ya ɗaukar wannan dabara, NTFS ne da tsare-tsaren Linux da Mac suke ɗauka.

Zagaye na biyu: hoton da ya canza riga

Nan ne gizo ke saƙar. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya dawo ba shi ne ya tafi ba. An rage faɗinsa, an matse shi, an cire bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa na rana da lokaci da irin na'ura, an kuma sa masa sabon suna irin IMG-20230514-WA0007.jpg. Ko zaɓin HD da aka ƙara a 2023 bai hana matsewar ba, sai in an tura shi a matsayin takarda, wato Document. Haka hoton iPhone da aka mayar daga HEIC zuwa JPEG. Kai, ko tauraro ka sa wa hoto a wata manhajar da ke rubutawa cikin fayil, lambarsa ta canza. Zagayen farko ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da ake buƙata lamba ce da aka ciro daga kamannin hoton, ba daga baitocinsa ba. Zan kira ta zanen ido. Tunanin da ke bayanta mai sauƙi ne: in ka tsaya daga nesa ka kanne ido, hoton asali da wanda aka matse duk abu ɗaya za ka gani, wuri mai haske a nan, mai duhu a can. To haka ake sa kwamfuta ta yi.

Ɗauki dabarar da ake kira dHash, wadda masanin kwamfuta Neal Krawetz ya yi bayaninta a 2013. Ana ƙanƙantar da hoton har ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto su koma 9 a kwance, 8 a tsaye. Ana zubar da launi, a bar fari da baƙi da abin da ke tsakaninsu. Sai a bi kowane layi, a tambayi kowane ɗigo: kai da maƙwabcinka na dama wa ya fi haske? A rubuta 1 ko 0. Ɗigo tara suna ba da tambaya takwas, layi takwas, jimla 64. Waɗannan bit 64 ɗin su ne zanen idon hoton. Ƙara wa hoton haske gaba ɗaya ba ya canza wanda ya fi wani haske, rage girma ma haka, shi ya sa lambar ke tsayawa.

Akwai 'yan'uwanta biyu. aHash tana gwada kowane ɗigo da matsakaicin hasken hoton, ita ce mafi sauƙi kuma mafi yawan kawo ƙarya, ba na ba da shawararta. pHash tana mayar da hoto 32 sau 32, ta bi da shi ta irin lissafin da JPEG ke amfani da shi, mai suna DCT, ta riƙe kusurwar 8 sau 8 da ke ɗauke da manyan siffofi, ta yar da ƙananan. Ta fi nauyi kaɗan, ta fi jure gyaran launi. Ni da ita nake farawa, in ina shakka in tabbatar da dHash.

Yadda ake gwada hoto biyu kuwa, sai a jera lambobinsu a ƙirga wurare nawa suka saɓa cikin 64. Wannan shi ne tazarar Hamming, sunan Richard Hamming na Bell Labs da ya fito da ita a 1950 don gano kuskure a saƙonni. Mai iya Python, harshen rubuta manhaja, zai yi wannan da layuka kaɗan, da kayan aikinsa biyu, Pillow da ImageHash:

```
from PIL import Image, ImageOps
import imagehash

def zanen_ido(fayil):
    with Image.open(fayil) as h:
        return imagehash.phash(ImageOps.exif_transpose(h))

print(zanen_ido("dina_041.jpg") - zanen_ido("IMG-20230514-WA0007.jpg"))
```

Kada ka tsallake `exif_transpose` ɗin nan. Waya da kyamara sukan ajiye hoton tsaye a kwance, su rubuta 'yar alama cewa a miƙe shi in za a nuna. Kwafin da ya bi ta WhatsApp kuwa an riga an miƙe shi da gaske. In ba ka daidaita su ba, kana gwada mutum a tsaye da kansa a kwance, tazarar za ta fito kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Wanda ba ya rubuta umarni ba a bar shi a baya ba. Czkawka tana da sashen hotuna masu kama, dupeGuru tana da yanayin hoto, digiKam ma tana da nata binciken bayan ta gama lissafa wa hotuna zanensu. Duk za su nuna maka wani ma'auni da ake ja, na yawan kamannin da kake so.

Ina za a ja layi?

Wannan ma'aunin shi ne zuciyar aikin, kuma babu lambar da ta dace da kowa. Abin da aka saba faɗa shi ne, tazara 0 zuwa 5 galibi hoto ɗaya ne, sama da 10 galibi daban ne, tsakaninsu kuma sai an duba. Mafari ne mai kyau, amma hotunan biki suna da halinsu. Ka tuna layin gaisuwa a wurin dina: ango da amarya na zaune a kujera ɗaya, ado ɗaya a bayansu, haske ɗaya, ƙawaye na zuwa rukuni-rukuni cikin anko iri ɗaya. In ka mayar da waɗannan ɗigo 72 marasa launi, me ya rage da zai bambanta ƙawayen makaranta da 'yan'uwan uwa? Kusan babu. Sai na'ura ta ce maka kwafi ne, ka goge, wata ta zo neman nata a rasa.

Don haka ka gwada da hannunka. Ware hotuna kamar ɗari biyu da ka san su sarai, ka tura ashirin daga ciki ta WhatsApp ka sauke, ka rage girman wasu, ka zuba su tare. Fara da tazara 2, ka ga nawa ta kamo. Ƙara zuwa 4, zuwa 6, zuwa 8. Inda ka ga baƙi sun fara shigowa cikin rukuni, koma baya taki ɗaya, nan ne layinka. Gara kwafi goma su tsere maka da hoto ɗaya na asali ya salwanta, domin kwafin da ya tsere sarari kawai yake ci.

Wasu hotunan ma cire su za ka yi daga wannan zagayen gaba ɗaya. Hoton da aka ɗauka murfi na kan kyamara, baƙi ƙirin, zai yi daidai da duk wani baƙin hoto. Hotunan fuskar waya masu rubutu a kan fari, rasit ɗin tura kuɗi, katunan gayyata da aka yi da zane ɗaya aka canza suna, gaisuwar barka da Juma'a, duk zanen idonsu kusan ɗaya ne alhali abin da ke rubuce ya bambanta. Rasit musamman: na dubu biyar da na dubu ɗari biyar tagwaye ne a idon pHash.

Akwai kuma tarkon sarƙa. Hoto na ɗaya ya yi kusa da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na huɗu, sai manhaja ta ɗaure su duka a rukuni guda, alhali na ɗaya da na ƙarshe ko kama ba su yi ba. In ka ga rukuni mai hoto arba'in, kada ka yi murna, ka yi zargi. Maganinsa shi ne a zaɓi shugaban rukuni, a gwada kowa da shi kai tsaye.

Idan tarin ya kai dubu ɗari

Gwada kowane hoto da kowane hoto lissafi ne mai kumbura. Hoto 10,000 suna ba da gwaji kusan miliyan 50. Hoto 100,000 kusan biliyan 5. Miliyan ɗaya kuwa kusan biliyan 500. Ninka hotuna sau goma, aikin ya ninku sau ɗari.

Amma kafin ka tsorata, ka sani a tarin situdiyo abin da ya fi cin lokaci shi ne buɗe hotunan daga faifai, ba gwajin ba. Saboda haka ka lissafa zanen kowane hoto sau ɗaya tak, ka adana shi a ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, wanda fayil guda ne kawai, tare da wurin fayil, girmansa, faɗi da tsawo, da ranar ɗauka. Ka riƙa adanawa bayan kowane 'yan ɗaruruwa. In aka ɗauke wuta a hoto na dubu sittin, daga nan za ka ci gaba. Wannan darasin da zafi na koye shi.

Shi kuma gwajin akwai dabarar rage shi da nake sha'awa saboda sauƙinta. A ce layinka tazara 3 ne. Raba bit 64 gida huɗu, kowanne 16. Saɓani uku ba za su iya shiga gida huɗu duka ba, dole a sami gida ɗaya aƙalla da ya zo daidai sak. To sai ka tara hotuna bisa kowane gida, ka gwada waɗanda suka haɗu a gida ɗaya kawai. Biliyoyin gwaji sun koma kaɗan, kuma babu tagwayen da za su kuɓuce. In layinka ya fi faɗi sai gidajen su ƙaru su ƙanƙance, ribar ta ragu. A nan sai a koma ga bishiyar BK, tsarin jera bayanai don saurin bincike da Burkhard da Keller suka wallafa a 1973, ko ga manhajar FAISS da Facebook ya saki a 2017 don bincike cikin miliyoyi. Manyan kamfanoni ma wannan iyalin dabarun suke amfani da shi: PhotoDNA da Microsoft ya samar a 2009 tare da masanin binciken hoto Hany Farid, da PDQ mai bit 256 da Facebook ya buɗe wa kowa a 2019, duk don gane hoton da aka riga aka sani ko da an sake masa fasali.

Abin da zanen ido ba ya gani

Yanke gefe yana kashe shi. In an yanke amarya ita kaɗai daga hoton mutum biyar, ko an juya hoton hagu ta koma dama, ko an zagaye shi da kwalliya da rubutun fatan alheri, lambar ta tashi daga aiki. Juyawa tana da sauƙin magani, ka lissafa zanen hoton da na madubinsa ka adana duka biyun. Yanka kuwa sai an hau mataki na gaba: ko dabarun da ke neman ƙananan alamomi a cikin hoto su daidaita su, irin SIFT da ORB da ke cikin OpenCV, kayan aikin masu rubuta manhajar hoto, ko ƙirar basirar na'ura irin CLIP ta OpenAI da ta fito a 2021, wadda ke mayar da hoto jerin lambobi masu nuna abin da ke cikinsa. Ra'ayina, mai situdiyo ba ya buƙatar wannan sai nadiran. CLIP ma'ana take gani, don haka a wurinta duk amaryar da ke lulluɓe a kan kujera 'yar'uwar ɗaya ce. Tana da amfani wurin nemo, ba ta da amana wurin gogewa.

Hotunan da aka ɗauka a jere kuma, ka bar na'ura ta tara maka su bisa lokacin ɗauka, wanda manhajar ExifTool ke fitarwa cikin sauƙi, kai ka zaɓa. Ita ba ta san a wanne ne uwar amarya ta rufe ido ba.

Wanne zai zauna, wanne zai tafi

A kowane rukuni, wanda ya fi yawan ɗigo shi ke gaba. In sun yi daidai, mai ɗauke da bayanan kyamara ya fi wanda aka cire masa. In nan ma sun yi daidai, na uwar folda. Kada ka dogara da nauyin fayil shi kaɗai, domin ƙaramin hoton da aka sake ajiyewa a PNG yana iya fin na asali nauyi ba tare da ya fi shi kyau ba. Ranar da kwamfuta ke nunawa a gefen fayil ma ba shaida ba ce, kwafa tana iya canza ta.

Ɗanyen fayil na kyamara, CR2 ko CR3 na Canon, NEF na Nikon, ARW na Sony, shi da JPEG ɗinsa ba tagwaye ba ne, uwa da ɗa ne. Haka hoton da aka gyara da wanda ba a gyara ba. Duka ka bar su.

Waɗanda suka faɗi kuma ba gogewa za ka yi ba tukuna. Buɗe folda ka sa mata suna "killace" da kwanan wata, ka kwashe su can, kowanne da tsarin foldarsa ta da, tare da takardar da ke nuna daga ina aka ɗauko shi da kuma wanne aka bari a madadinsa. Zaɓi layi hamsin daga takardar ba bisa tsari ba, ka buɗe kowanne gefe da gefe da wanda aka bari. In ka sami kuskure ko ɗaya, tsuke layinka ka sake zagayen. In ba ka samu ba, bar foldar ta yi wata guda ko biyu, har masu zuwa neman a sake wanke musu su zo su tafi, sannan ka goge ta ka mayar wa mai faifan aro kayansa. Rumbun SQLite ɗin nan kuwa kada ka yar da shi: duk katin da za ka juye nan gaba, ka fara lissafa zanen hotunansa ka gwada da na rumbun, wanda aka riga aka sani ya tsaya a bakin ƙofa.